Daga Mujallar Bincike Zuwa Fangali: Amsoshin Tambayoyin Masu Lambu a Legas

Wani mai lambu a Ojo ya aiko yana cewa ɗansa ya samo masa wata takardar bincike a intanet, ya sa waya ta juya ta zuwa Hausa. Takardar ta ce a zuba kilo 60 na naitirojin a kowace hekta ta alayyahu. Tambayarsa ita ce, buhun taki nawa ke nan, kuma yaya zai yi da shi ganin fangaloli yake nomawa?

Malam, Allah ya yi wa yaron albarka, amma ka dakata kafin ka buɗe buhu. Masu bincike idan sun ce kilo 60, sinadarin da ke cikin takin suke nufi, ba nauyin takin da za ka ɗauko ba, kuma fassarar waya ba ta bambance wannan. Yuriya kashi 46 cikin 100 ne naitirojin ɗinta, don haka kilo 60 na nufin wajen kilo 130 na yuriya a hekta. Idan kamfa ce mai 15-15-15, wato mai naitirojin kashi 15 cikin 100, kilo 400 ke nan, buhu 8. Hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce. Fangalinka mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 zai ci giram 130 na yuriya, ko giram 400 na kamfa. Ka auna sau ɗaya a sikeli, ka zuba a gwangwani, ka ja layi a inda ya tsaya, shi ke nan ka sami ma'auni.

Abin da ya fi damuna shi ne inda aka yi gwajin. Ka sa yaron ya duba, kowace takardar kirki tana faɗa. Idan a Samaru ta Zariya ne, ka tuna damina ɗaya ce a can, ƙasar ma daban take. A nan Legas ruwa ya fi yawa, yana tsananta a Yuni, ya lafa a Agusta, ya dawo a Satumba, ga ƙasar wajajen Ojo da Badagry rairayi ce mai saurin zubar da taki. Raba takin zuwa kashi biyu, ka haɗa da kashin kaji da ya ruɓe sosai. Kada ka watsa yuriya a kan ganye jiƙe, za ta ƙona shi. Sannan ka gwada a fangali biyu tukuna, ka bar na kusa da su yadda ka saba, idonka ya yanke hukunci.

Wani Alhaji da ke sarin kayan gwari a Mile 12, yana kuma da gona a Ikorodu, ya ce mai sayar da iri ya nuna masa takarda da Turanci cewa bincike ya tabbatar da irin tumatirinsa. Ta yaya zai gane ta gaskiya?

Alhaji, ba duk abin da aka buga ne ya ci sunan bincike ba. A mujallar ilimi ta gaske, sai an miƙa rubutun ga wasu masana da ba su da hannu a aikin sun tace shi, sau da yawa su mayar da shi a gyara. Akwai kuma mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga ko mene ne. Ka tambayi wace cibiya ta yi aikin, a ina, kuma damina nawa aka maimaita. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ita ce mai irin masara SAMMAZ da wake SAMPEA. IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana Ibadan tun 1967, haka NIHORT mai kula da kayan lambu da 'ya'yan itace ita ma a Ibadan take, kuma yanayin Ibadan ya fi kusa da namu. Tumatirin da ya yi kyau da rani a Kadawa ta jihar Kano na iya kwantawa a nan saboda ciwon yaushi da laima ke rura wa. Ka ɗauki takardar ka kai wa malaman gona na jihar a Oko-Oba, Agege, su karanta maka.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce a Idi-Araba, tana son fassara ƙasidun noma don iyayenta, tana kuma mamakin ƙarancinsu da Hausa.

'Yata, dalilin a fili yake. Malamin jami'a da rubutun Turanci a mujalla yake samun ƙarin girma, wanda ya zauna ya mayar da aikinsa Hausa ba kasafai ake lissafa masa ba. Wannan yana ci mini rai, domin Hausa ba baƙuwar ɗab'i ba ce: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa tun 1939 a Zariya. Ki fara neman ƙasidun NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, aikinta ke nan isar da sakamakon bincike ga manoma. Kafin ki buga fassara ki raba, ki nemi izinin masu aikin, ki kuma rubuta sunansu da shekara.

A wajen maganin ƙwari ne za ki fi sa ido. Ki bar sunan sinadarin yadda yake a jikin kwalba, da lambar NAFDAC. Ki mayar da awon zuwa na famfon goyo, ki faɗi ko mai lita 16 ne ko 20. Kada ki tsallake kwanakin da za a jira tsakanin feshi da yanka, domin latas ɗanye ake cinsa. Idan kin gama, ki karanta wa masu lambu biyu da baki, duk inda suka ce ki maimaita, wurin yana son gyara. Daga nan ki naɗi muryarki ki tura a WhatsApp saboda waɗanda ajami kaɗai suke karantawa.