Amsa ga ɗana mai shirin tafiya Ingila

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso gare ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa bizarka ta fito, za ka tafi Manchesta karatun digiri na uku. Ka tambaye ni ko wajibi ne ka bi dangi gida-gida ka yi musu sallama, ko kiran waya ya wadatar tunda lokaci ya ƙure, sannan ka tambayi yadda za ka yi da gaisuwarmu a ƙasar da ba a durƙusa wa manya.

Ka je da ƙafarka. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, irin wannan ranar suke nufi, domin tafiyar shekara uku ko huɗu ba tafiyar Umara ba ce, kuma wanda zai yi nisa haka yana zuwa ne ya nemi gafara, ya karɓi albarka, ya zauna a tabarma a yi masa addu'a yana shafawa. Lokacin da zan yi tawa tafiyar, na zagaya dangin cikin gari, amma na bar Gwaggo, yayar kakanka, saboda ƙauyensu da nisa, na ce sai na zo hutu. Duk da haka ta aiko mini da ƙullin kuka da daddawa a cikin tsohon ɗankwalinta. Ina wata na bakwai a can wasiƙa ta zo da labarin rasuwarta, har an yi sadakar arba'in, alhali ban ma cinye daddawar ba. Har yau abin yana ci mini rai. Saboda haka ka fara da mafi tsufa da marasa lafiya, ka riƙe ɗan abin alheri a hannunka ko da goro ne. Abokanka da sa'o'inka su ne waya za ta ishe su.

Batun gaisuwa kuwa, kada ka durƙusa wa malaminka, domin zai rasa yadda zai yi da kai. Da sunansa na yanka zai ce ka kira shi, kuma na san bakinka zai yi nauyi kamar yadda nawa ya yi. Ladabi a wurinsu shi ne ka zo a kan lokaci, ka bi layi, ka yawaita godiya da ban haƙuri, kuma kada ka je gidan kowa ba tare da ka sanar ba. Maƙwabcinka zai iya gyaɗa maka kai kawai ya wuce, babu tambayar gajiya ko iyali, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne. Amma idan ka haɗu da dattijonmu a babban masallacin Victoria Park ranar Juma'a, ka rusuna ka gaishe shi kamar a gida, don shi ma ƙishirwar hakan yake ji.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne hunturu. A watan Disamba rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe 4, sai ka ga Azahar da La'asar da Magariba sun matso kusa da juna, don haka ka nemi jadawalin salla tun makon farko. Ka ɗauki kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, amma ka bar kilishi, saboda dokarsu ta hana shiga da nama. Naman halal yana nan a shagunan unguwar Rusholme.

Ka tsayar da ranar da za ka riƙa kiran mahaifiyarka duk mako. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabanku da awa ɗaya, sauran watannin kuma agogonmu ɗaya ne. Ka sanar da ni ranar tashinka, in Allah ya yarda ni zan raka ka filin jirgin Malam Aminu Kano.

Baffanka.