Dokar fifita mazauna jiha a gidaje masu rahusa: ina matsayin sabon zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da na koma wata jiha a Amurka da 'ya'yana biyu, saboda aikin jinya da na samu. Kuɗin haya ya sha mini kai, shi ya sa na sa suna a layin gidaje masu rahusa. Yanzu kuma na ji majalisar jihar tana shirin yin dokar fifita mazauna jihar. Ke nan ƙarshen layi za a mayar da ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki tukuna. A dokar Amurka, mazaunin jiha ba wanda aka binne cibiyarsa a can ake nufi ba. Duk wanda ya tare da niyyar zama ya shiga lissafi, kuma ke da kike aiki, 'ya'yanki suna makaranta a can, kin cika wannan ma'auni.

Abin da za ki duba a cikin kudurin shi ne ko an sa adadin shekaru. A nan gizo ke saƙar. A 1969, a shari'ar Shapiro da Thompson, Kotun Ƙoli ta soke dokokin da suka ce sai mutum ya shekara a jiha kafin ya samu tallafin gwamnati, domin hakan tauye 'yancin ƙaura ne daga jiha zuwa jiha. A 1999 kuma ta taka wa jihar Kalifoniya birki a shari'ar Saenz da Roe, lokacin da jihar ta so biyan sabbin zuwa tallafi ƙasa da na tsofaffin mazauna a shekararsu ta farko. A kan gidaje ma an yi: a 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe sharaɗin zaman shekara biyar da hukumar gidajen garin New Rochelle ta gindaya. Don haka kudurin da ya ce "wanda ke zaune a jihar" yana da ƙafar tsayawa, amma wanda ya ce "wanda ya shekara biyar" ya sayi rigima a kotu, kuma lauyoyin majalisa sun san haka.

Idan gidan na hukumar gidajen gwamnati ne mai karɓar kuɗin tarayya, ko takardar tallafin haya ce ta Sashe na 8, ƙa'idar ma'aikatar gidaje, HUD, ta fi fitowa fili. An yarda a fifita mazaunin yanki, amma ba a yarda a rufe wa na waje ƙofa ba, ba a auna fifikon da daɗewar zama, kuma wanda ke aiki a yankin, ko aka ɗauke shi aiki bai fara ba, a matsayin mazauni ake ɗaukarsa. Wannan na ƙarshe ya shafe ki kai tsaye.

Ba zan ga laifin 'yan majalisa gaba ɗaya ba. A jihar Hawayi, alal misali, tsadar gida tana cikin abubuwan da suka kori mutane, har ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin tsibiran da ke zaune a wasu jihohi sun fi waɗanda suka rage a gida yawa. Wanda ya ga haka dole ya nemi mafita. Sai dai fifiko ba ya ƙara ko ɗaki ɗaya. Idan mutum 3,000 suna neman gida 100, dokar tana sauya wanda za a fara kira ne kawai.

Akwai kuma Dokar Adalcin Gidaje ta 1968, wadda ta haramta nuna wariya a harkar gidaje. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2015, ana iya ƙalubalantar tsarin da sakamakonsa ya ware wani jinsi ko da ba da gangan aka yi ba. Birnin Niyok ya daɗe yana keɓe rabin gidajen da ake rabawa ta ƙuri'a ga mazauna unguwar da aka yi ginin. Aka kai shi ƙara a 2015 cewa hakan na ƙara raba unguwanni bisa launin fata, a 2024 ya yi sulhu ya rage kason zuwa kashi 20 cikin 100. Fifikon jiha baki ɗaya bai cika faɗawa wannan rami ba, tunda jiha ta fi unguwa cakuɗuwa.

Yanzu ki tara shaidarki a jaka ɗaya: yarjejeniyar haya, takardar albashi, takardar kuɗin wuta mai sunanki, da lasisin tuƙi. Idan lasisin har yau na tsohuwar jiharki ne, ki sauya shi cikin makon nan. Ki kuma tabbata adireshinki na yanzu ne a wurin hukumar, domin mutane da dama sunansu ya fita daga layi ne kawai don wasiƙa ta je tsohon gida ba a amsa ba. In an hana ki fifikon, ki nemi dalili a rubuce, ki kai wa ofishin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi na yankinku, kyauta suke dubawa ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce ma'auninsu ba.