Boila na ƙugi, kawu ya ce a yi shiru

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Luton, Ingila, ta rubuto cikin damuwa. Boilar gidan da suke haya, wato na'urar dumama ruwa da ɗakuna mai aiki da gas, ta fara ƙugi kamar butar shayi a kan wuta, wani lokaci har da bugu a cikin bututu. Gidan na kawun mijinta ne. Ya ce zai turo wani yaronsa ya duba, surukarta kuma ta kira daga Kano tana cewa kada a kunyata kawu. Tana tsoron in ta kai ƙara kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, bizarta za ta samu matsala.

'Yar'uwa, mu fara da ƙarar boilar. Wannan ƙugin yawanci farin dutse ne da ruwa ke tarawa a cikin boila. Ruwan Luton da Landan yana ratsa ƙasa mai alli, saboda haka yana barin ɓawo irin wanda kike gani a gindin butarki. Idan ɓawon ya toshe hanyar ruwa, sai ruwan ya yi zafi fiye da kima, ya tafasa a ciki. Ƙulu-ƙulu a hitar bango kuwa sau da yawa iska ce ta maƙale. Ki duba allurar awon matsin ruwa da ke gaban boila lokacin da take sanyi: ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Wannan kaɗai za ki iya yi da kanki. Kada kowa ya buɗe murfin.

Abin da ya fi damuna ba ya yin ƙara ko kaɗan. Boilar da aka daɗe ba a duba ba tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Idan ke ko yara kuna tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuna fita waje kuma ya lafa, ko kin ga baƙin hayaƙi ya shafi jikin boila, to ki kashe ta, ki buɗe tagogi, ku fita, ki kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999, sannan ku ga likita.

Batun yaron kawu kuwa, a'a. A gidan haya, doka ta hana duk wanda ba ya cikin rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, gyara kayan gas. Mai rajista yana da kati da hotonsa da lamba, kuma kina iya tantance lambar a shafinsu na intanet. Na sha ganin dillalan gidaje da ke karɓar kuɗi a hannun mutanenmu su kawo takardar duba gas ta bogi, ba wanda ya taka ƙafa gidan. Ki guje su. Wajibi ne mai gida ya sa a duba gas duk shekara, ya ba ki kwafin takardar cikin kwana 28. Tun Oktoban 2022 kuma dole ya saka na'urar gargaɗin kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Gyaran ruwan zafi a kansa yake bisa dokar haya ta 1985, ko da ba ku rubuta yarjejeniya ba, muddin kuna biyan haya.

Koke a sashen lafiyar muhalli na kansul ba ya taɓa bizarki, tunda zamanki halal ne. Amma kafin nan, ki sa maigidanki ya rubuta wa kawu saƙo cikin ladabi, da kwanan wata, ya nemi takardar gas da mai gyara mai rajista. Ku ajiye saƙon.

A wannan magana ina bayanki. Kawu yana karɓar haya duk wata, ba kyauta ya ajiye ku ba, kuma zumuncin da zai sa jikoki su kwana kusa da boilar da ba a duba ba ya kauce hanya. Hajiya surukarki tana Kano, ba ta san abin da gas ke yi a rufaffen gida cikin hunturu ba. Ɗanta ya kira ta ya yi mata bayani dalla-dalla. Idan kawu ya ƙi motsi bayan saƙon, ku je ƙungiyar Citizens Advice ko ta Shelter, kyauta suke ba da shawara, sannan ku sanar da kansul.