Lasisin fitar da bindigogi waje: yaya yake juya akalar masu ƙera su?

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa kamfanin da ke ƙera bindiga ba ya sayar wa wata ƙasa sai gwamnatinsa ta ba shi lasisi. Shin takardar nan na da wani tasiri a cinikinsu, ko cika sharaɗi ce kawai?

Amsa: Malam, tasirinta ya kai ta zaɓa wa kamfani abokan ciniki, wani lokaci har da ƙasar da zai kafa masana'anta. Lasisin nan ba na dindindin ba ne. Akan ba da shi ne a kan kaya kaza, zuwa ga mai saye kaza, na wa'adi kaza, kuma sai mai sayen ya sa hannu a takardar shaida cewa makaman a hannunsa za su tsaya, ba zai miƙa wa wani ba. Don haka kamfani na iya cin kwangila, ya sayo ƙarfe, ya ɗebi ma'aikata, sannan a bar shi yana jiran tsammani. A 2016 an dakatar da sayar wa 'yan sandan Filifin bindigogi kusan 26,000 daga Amurka, bayan Sanata Ben Cardin ya nuna adawa saboda kashe-kashen da ake yi da sunan yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Labarin kamfanin ƙera bindigogi Heckler & Koch na Jamus ya fi nuna yadda abin ke aiki. Tsakanin 2006 da 2009 ya aika dubban bindigogin G36 zuwa Meziko, aka kuma ga wasunsu a jihohin da izinin bai haɗa da su ba, ciki har da Guerrero. A 2019 kotu a Stuttgart ta ce a karɓe masa Yuro miliyan 3.7. Tun 2016, shari'ar ba ta ma ƙare ba, kamfanin ya sanar da cewa zai taƙaita sabon ciniki ga ƙasashen da ya kira "korayen ƙasashe", wato galibi na NATO da Tarayyar Turai da makamantansu. Wasu sun ce tuba ya yi. Ni dai lissafi na gani: kwangilar sojan Faransa ko Norway tana samun lasisi ba da jan ƙafa ba, bankuna ma sun fi sakin jiki da ita. Ga shi kuma tun 2015 ƙa'idar Jamus ta toshe kafa sababbin masana'antun ƙananan makamai a ƙasashen da ke wajen wannan da'irar, alhali sayar da izinin ƙira, irin wanda aka ba Saudiyya na G36 a 2008, babbar hanyar samun kuɗi ce a da.

Wasu kuma gudun ruwa suka yi zuwa inda doka ta fi sauƙi. Wani kamfanin ƙera bindigogi, SIG Sauer, ya aika dubban ƙananan bindigogi daga Jamus zuwa reshensa na Amurka, daga can suka zarce Kolombiya, inda Jamus ba ta ba da izini ba. Kotun Kiel ta hukunta manajojinsa a 2019, aka karɓe kusan Yuro miliyan 11. A 2020 aka rufe masana'antarsa ta Eckernförde a Jamus, aiki ya ci gaba a jihar New Hampshire ta Amurka. Ba lasisi kaɗai ya jawo haka ba, girman kasuwar Amurka ma ya ja su, amma yana cikin dalilan.

Amurkar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A watan Maris na 2020 aka ɗauke kula da fitar da yawancin bindigogin da ba na sarrafa kansu ba daga Ma'aikatar Harkokin Waje zuwa ta Kasuwanci, masu ƙira suka yi murna. A Oktoban 2023 ita ma'aikatar Kasuwancin ta dakatar da sababbin lasisi ga masu saye da ba gwamnati ba a yawancin ƙasashe, da farko na kwana 90, sai ya zarce watanni. Babban kamfani mai lauyoyi da kasuwar cikin gida yana iya shanye irin wannan. Ƙaramin mai ƙira da ya dogara da dillali ɗaya ko biyu a waje, shi ne kayansa ke kwana a sito ana lissafa masa kuɗin ruwa, kuma sau da yawa yakan haƙura da fitarwa gaba ɗaya ko ya miƙa ta ga dillalin da ya san hanyar ofisoshin.