Tsakanin Rigasa da Tudun Wada

Malam, ka tambaya tsakanin unguwannin Rigasa da Tudun Wada na Kaduna wace ta fi girma da yawan jama'a. Rigasa ce, a fili da kuma mutane. Tudun Wada dai ta fi cunkoso, gida kan gida, shi ya sa baƙo ke zaton ita ce babba.

Amma idan za ka duba alƙaluman ƙidayar 2006, ka lura Rigasa tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Igabi ne, Tudun Wada kuwa Kaduna ta Kudu. Na zauna kusa da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa tun kafin a buɗe ta a 2016. Gonakin da muka sani a lokacin duk sun koma gidaje.