Sulken Finafinai a Zafin Zariya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon duk a kan abu ɗaya suka taru, wato haɗa sulke da kwalkwali irin na finafinan sararin samaniya, waɗanda samari ke sawa a bukukuwan makaranta ko wajen ɗaukar bidiyo. Masu kama da juna na haɗe su wuri guda.

Wani ɗalibi daga Samaru ya ce: "Malam, na tara 'yan kuɗi ina so in yi odar farin sulken sojojin Star Wars daga waje, har da kwalkwalinsa. Abokina kuma ya ce in sayi soso in yanka da kaina. Wanne ya fi?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da kake gani a hoto yana sheƙi ba haka zai iso maka ba. Yawancin masu sayar da shi gutsattsarin roba mai tauri suke turowa, wadda ake kira ABS, an gasa ta an zuƙe ta a kan ma'auni, wato sassaƙen abin da ake son kwafa, har ta ɗauki siffa. Kai ne za ka datse gefuna, ka goge, ka liƙa, ka ɗinka maɗaurai. Da wannan dabarar ta gasa roba Andrew Ainsworth ya ƙera kwalkwalan farko a Ingila domin fim ɗin Star Wars na farko da ya fito a 1977, kuma har yau hanyar ba ta canza sosai ba. Cikakken saiti mai kyau ɗaruruwan daloli ne, kafin a zo maganar kuɗin dako da na kwastam, ga shi kwalin ƙato ne. Idan wuƙa ta zarce maka a kan farantin ƙirji, shi ke nan, sai dai ka sake odar wani.

Akwai kuma masu arha da za ka ci karo da su. Da yawansu kwafin kwafi ne: wani ya sayi saitin wani, ya zuba ma'auni a kansa, ya riƙa bugawa. Kowane bugu layukan na ƙara dusashewa, robar na ƙara sirancewa. Arhar ke nan.

Wanda ya kamata ya kashe irin wannan kuɗin shi ne mai niyyar shiga ƙungiyar 501st Legion ta masu sa kayan Star Wars, wadda Albin Johnson ya kafa a Amurka a 1997. Su sai sun duba kayanka gaɓa-gaɓa sun tabbatar ya yi daidai da na fim kafin su karɓe ka, kuma sai ka cika shekara 18. Kai da kake son ka fito a bikin sashenku a jami'a, wa zai zo da tef ya auna faɗin layin cinyarka?

Abokinka ya fi ka gaskiya, sai dai a san wane soso. Ba na katifa ba, wannan shan fenti yake kamar ba gobe. Ba kuma farin nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ba, fentin feshi narkar da shi yake yi. Wanda ake nufi shi ne EVA, robar nan mai laushi da ake yin ƙasan silifa da ita, da tabarmar wasan yara mai haƙora da ake harhaɗawa. Ka fara tambaya wajen masu sayar da kayan haɗa takalma a kasuwar Sabon Gari, in ba ka samu kaurin da kake so ba, Kano da Kaduna ba nisa. Mai kaurin milimita 10 na ƙirji da baya da ƙafafu ne, mai 5 ko 6 na hannuwa da kwalkwali, mai 2 na ado. Ka haɗa da wuƙar reza da dutsen wasa ta, domin EVA na dakushe baki cikin minti kaɗan, kuma dakusasshiyar wuƙa yagar soso take yi. Gam kuwa na masu gyaran takalmi za ka nema, irin su Evo-Stik: a shafa siriri a fuska biyu, a jira ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Da ya kama ya kama, babu gyara. A tsakar gida ake wannan aikin, ba a ɗakin kwana an rufe taga ba.

Wani daga Tudun Wada ya ce yana tunanin sayen ƙaramin injin 3D, mai narkar da zaren roba ya gina abu da shi, domin ya riƙa buga kwalkwali.

Ɗan'uwa, abu biyu za ka tambayi kanka: wuta da rana. Kwalkwali guda yakan ci kwana ɗaya zuwa uku injin na aiki ba tsayawa. In ba ka da inbata da batir mai ƙarfi, ɗaukewar wuta sau ɗaya na iya barin tabo a tsakiyar aikin ko ta lalata shi baki ɗaya. Zaren roba mafi arha, PLA, yana fara laushi a wajen digiri 60. Ka fenta shi baƙi, ka manta shi a kujerar bayan mota a watan Afrilu, za ka dawo ka tarar ya karkace. PETG ya fi juriya, yana kai wa wajen digiri 80, amma ya fi wuyar gogewa. Kuma duk abin da injin ya buga da layi-layi yake fitowa, sai an sha samfefa da cike irin na masu gyaran jikin mota kafin ya yi santsi.

Ni dai shawarata, kada ka saya don sulke ɗaya. Ka yi jikin da soso, ƙananan abubuwa kamar kan bel da maɓallan ƙirji ka biya mai inji ya buga maka.

Wani kuma ya rubuto da ƙorafi: "Na gama nawa, a rataye ya yi kyau. Da na sa sai na cinya ya riƙa zamewa, ban iya zama, gilashin kwalkwalin kuma na yin hazo."

A nan ne akasarin masu wannan sha'awa ke faɗuwa, don suna fara yanka kafin awo. Zanen da ake saukewa daga intanet, ko wanda manhajar Pepakura, mai baje siffar abu a kan takarda, ke warwarewa, a kan jikin wani aka yi shi, ba naka ba. Kafin soso ya ga wuƙa, je wajen telanka ya auna ka sanye da rigar da za ka sa a ciki: ƙirji, ƙugu, kaurin cinya sama da ƙasa, daga gwiwa zuwa idon sawu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Sannan ka yanka komai da kwali ka gwada. Kwalin indomi kyauta ne, soso kuwa da kuɗi.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta naɗi. A naɗe hannu ko ƙafa da leda, a bi ta da tef mai faɗi, a zana layukan da biro, a yanke a hankali, a shimfiɗa a kan takarda. Abin da ya fito shi ne ainihin siffarka. Sai ka ƙara masa sarari saboda kaurin soson, in ba haka ba zai matse ka. Idan kai za a naɗa, a bar hanci da baki a buɗe, kuma wani ne zai yi maka, ba kai kaɗai ba.

Na cinya ba a ɗaure shi a cinya. Rataye shi ake yi daga bel, da igiya mai faɗi irin ta jakar goyo, shi kuma bel ɗin a ɗauke nauyinsa da maɗaurai biyu ta kafaɗa. Na kafaɗa a haɗa shi da na ƙirji da roba mai miƙewa domin ya bi hannu in ka ɗaga. Bayan gwiwa da cikin gwiwar hannu a rage su da faɗin yatsa biyu ko uku, ba wanda zai lura, amma za ka iya hawa mataki. Wannan aiki na igiya da ƙarfen maɗauri kada ka wahalar da kanka da gam, kai wa baduku ko mai ɗinkin jaka ya ɗinke maka. A garin da ke da cibiyar binciken fata a Samaru, ba za a rasa mai iya wannan ba.

In ana Hawan Sallah, ka tsaya kusa ka kalli 'yan lifidi da 'yan sulke na Sarkin Zazzau da idon mai koyo. Dubi inda lifidin ya yi kauri da inda aka sassauta shi, da yadda ake naɗa ƙyalle a ka kafin kwalkwali ya hau. Su sun daɗe da sanin cewa abin da ke ƙarƙashin sulke shi ke sa a iya wuni da shi.

Maganar zama kuwa, ka rage buri. Ko masu saitin roba na asali a bakin kujera suke ɗosanawa, gani ma da ƙyar suke yi. A fim ɗin 1977 akwai sojan da ya buga kansa da saman ƙofa, aka bar wurin a haka. Hazo numfashinka ne ke taruwa: huda ƙofofin iska a ƙarƙashin haɓa, rufe su da baƙin raga, ka sa ƙaramar fankar kwamfuta mai aiki da fawa bank. Soso ba ya barin zufa ta fita, saboda haka daga Maris zuwa Mayu kada ka wuce minti 20 zuwa 30 ba ka cire kwalkwali ka sha ruwa ba. Da ka ji jiri, cire komai.

Wani kuma ya ce: "Fentina na tsagewa yana ɓarewa."

Ba ka toshe soson ba ne. A fara bi ta kansa da iska mai zafi har fuskarsa ta ɗan yi sheƙi, sannan a shafa farin gam na kafintoci, irin Top Bond, wanda aka sirka da ruwa kaɗan, shafi uku ko huɗu, kowanne ya bushe kafin na gaba. Bayan nan fenti, siriri-siriri. A wuraren da ke lanƙwasa, fentin akirilik na masu zane ya fi na gwangwanin feshi juriya. Da hunturu ƙura ke zama a kan ɗanyen fenti, don haka a yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi, a kifa babban kwali a kan aikin har ya bushe. Da damina kuma a ƙara haƙuri, bushewa na jinkiri.

Wata uwa daga cikin birni ta ce ɗanta mai shekara 14 ya cika ɗaki da kwalaye yana ta roƙon a saya masa kayan aiki. Tana tsoron shiririta ce da ɓarnar kuɗi.

Hajiya, yaron da zai auna kansa, ya zana, ya yanka, ya ga bai shiga ba ya sake lissafi, ba zaman banza yake ba. Abin da ake koyarwa ke nan a sashen zane-zane da na ƙirar masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello, nan kusa da ku. A makarantar da ta zama wannan jami'ar ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ɗinka kayan fim ma sana'a ce mai daraja: Ruth Carter ta samu kyautar Oscar a 2019 saboda kayan da ta tsara wa Black Panther.

Amma kada ki saya masa duk abin da ya lissafa. Almakashi mai kyau, rula ta ƙarfe, tef, farin gam da fentin ruwa sun ishe shi yanzu. Reza sai yayansa ko babansa na wurin. Na'urar hura zafi da gam mai wari a jinkirta su. Ki ce masa ya gama kwalkwali ɗaya na kwali, har fenti, sannan a yi maganar soso. In ya gama, kin san da gaske yake. In ya watsar, kuɗin da kika yi asara ba su kai na cefanen yini ba.

Na ƙarshe yana tambaya ko zai iya hawa babur da sulkensa da bindigar roba ya je ɗaukar hoto a Kufena.

A'a, malam. Zariya gari ne na barikoki, ga Depot na sojoji, ga Basawa, ga shingayen bincike a hanyoyi. Mutum da rufaffiyar fuska, riƙe da abu mai kama da makami, ba wanda zai tsaya tambayarsa daga wane fim ya fito. Zuba kayan a Ghana-must-go, ka sa su bayan ka isa, ka gaishe da mutanen wurin ka faɗa musu abin da ya kawo ku, kuma ku je ku biyu ko uku da rana tsaka. Bindigar ka bar ta a gida, ko ka yi ta da soso ka fenta bakinta da launin lemo mai haske. Yadi mai zanen kakin soja kuwa kada ya shiga cikin kayanka ko kaɗan, ko da a fim ɗin haka yake.