Injin neman zinare: babban faifai ko ƙarami, da lambobin da ke yaudara

Tambaya daga wani mai karatu a Toro, jihar Bauchi: Assalamu alaikum. Injina ya zo da faifai, wato zagayen nan da ake wucewa da shi a kan ƙasa, mai inci 11, amma da na shiga jar ƙasa sai ya yi ta kuka ko babu komai. Mai shago ya ce in ƙaro kuɗi in sayi mai inci 15, wai ya fi nitso. Kuɗin amfanin gona ne a hannuna. In saya?

Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Mai shago bai yi ƙarya ba da ya ce babban faifai ya fi nitso, sai dai bai ƙarasa zancen ba: a kan babban abu yake nitson. Ƙwayar zinare ƙarama, wadda ita aka fi cin karo da ita, babban faifai kan wuce ta bai ji ba. Kuma gwargwadon faɗinsa, gwargwadon ƙasar da yake karantawa a lokaci guda. Jar ƙasa da marmara cike suke da sinadarin ƙarfe, shi ne abin da ke sa injinka surutu. Ka ƙara faɗin faifai, ka ƙara surutun.

Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne ƙirar faifan. Akwai wanda zoben wayoyinsa biyu ke zagaye, ɗaya a cikin ɗaya. Yana da daɗin nuna daidai inda abu yake, amma ƙasa mai ma'adini na wahalar da shi. Akwai kuma wanda ake kira DD, mai zobba biyu da suka ɗan hau juna a tsakiya, yana tsaga ƙasa siriri kamar bakin wuƙa, don haka ƙasar da yake karantawa ba ta da yawa, ya fi nutsuwa a irin wurinku. Idan har za ka kashe kuɗi, ni ƙaramin DD mai inci 5 ko 6 zan ce ka nema. Yana shiga tsakanin duwatsu da gindin itace inda babba ba ya kwanciya, kuma kafaɗarka za ta huta. Ka lura Gold Monster 1000 na kamfanin Minelab, da aka ƙera musamman don ƙananan ƙwayoyi, da ƙananan faifan DD ya fito, kuma yana aiki a kilohaz 45. Yawan mitar nan ma, wato saurin bugun siginar da yake turawa cikin ƙasa, na cikin abin da ke sa inji jin ƙaramin zinare, ba faifai kaɗai ba.

Kafin ma ka je kasuwa, ka saita injin da ƙasar wurin. Nemi inda babu ƙarfe, ka riƙa ɗaga faifai kana saukewa har kukan ya lafa, ka maimaita duk lokacin da launin ƙasa ya canza. Rage ƙarfin jin injin kaɗan. Mutanenmu na son murɗa shi har ƙarshe, suna ganin asara ce a rage, alhali cikin hayaniya ƙaramin sauti ke ɓacewa. Naɗe wayar faifan sosai a jikin sandar, don in tana lilo ita kanta tana sa shi kuka. Nisanci manyan wayoyin lantarki, wayar salula kuma a kashe ta.

Tambaya daga Kumo, jihar Gombe: Injina kan nuna lamba ta sama, in yi ta haƙa, sai in tarar da murfin kwalba ko guntun tsohuwar fartanya. Jabu aka sayar mini?

Jabu na yawo a kasuwa kam, musamman na manyan injina, amma abin da ka faɗa ingantacce ma yana yi. Injin ba ya ganin abin da ke ƙasa. Yana auna yadda abu ke ɗaukar lantarki ne, sannan ya yi kirdado ya ba ka lamba. Girman abu, siffarsa, yadda ya kwanta da zurfinsa duk suna juya lambar. Shi ya sa faffaɗan ƙarfe mai tsatsa ko zagayayyen murfin kwalba kan fito da lambar tsabar kuɗi, ƙusa mai lanƙwasa kuma ta yi ƙara mai daɗi daga gefe ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Ƙaramin zinare lamba ta ƙasa yake bayarwa, kusa da ta takardar kwalin sigari mai ƙyalli, wani lokaci ma ƙasa mai ma'adini ta ja shi cikin sahun baƙin ƙarfe. Wanda ya toshe ƙananan lambobi don gudun shara, ya toshe abin da ya fito nema.

In ka ji kuka, ka wuce kansa a hankali, sannan ka juya ka gitta shi ta ɗaya gefen. Sautin da ya tsaya iri ɗaya ta ko'ina ya cancanci haƙa. Wanda ke yankewa, lambarsa na tsalle, galibi ƙarfe ne. Kankare ƙasar sama da ƙafa ka sake gwadawa: in sautin ya ƙaru, abu na ƙasa, in ya bi wani dutse da ka ture, dutsen ne mai ma'adini. Ka riƙe maganaɗisu a aljihu don gane baƙin ƙarfe. A gida kuma ka binne ƙusa, murfin kwalba, tsohon kwabo da guntun dalma, ka koyi muryar kowanne. A dajin zinare inda shara ba ta da yawa, duk sautin da ya maimaitu ka haƙe shi, ko me allo ya ce.

Wani daga garin Bauchi yana tambaya ko faifan kwance na wani kamfani zai hau injinsa. Kusan kullum a'a; kowane faifai da injin da aka ƙera shi dominsa, ko bakin wayar ya shiga. Ka je da injinka ka gwada a gaban mai sayarwa, ka ɗan ƙwanƙwasa gefen faifan, ka motsa wayar. In ya yi kuka da wannan kaɗai, bar shi. Kuma ɗan'uwa, sayen inji bai ba ka izinin haƙa ba: a dokar ma'adinai ta 2007 arzikin ƙarƙashin ƙasa na hannun gwamnatin tarayya, sai da lasisi. Ka nemi yardar mai gona da mai gari, ramin da ka tona kuma ka cike shi saboda yara da dabbobi.